Yadda za ka gane kangaru da walabi da 'yan uwansu, ka sa kowanne a gidansa

Mutane da yawa in aka ce kangaru abu ɗaya ne ke zuwa musu a rai, wato wannan ƙatuwar dabbar ta Ostiraliya mai tsalle da ɗa a jakar ciki, shikenan. To amma dangin nan da masana ke kira Macropodidae, sunan da wani masanin dabbobi ɗan Ingila John Edward Gray ya raɗa musu a 1821, ya ƙunshi nau'i sama da 60 da ke raye yanzu haka, kuma huɗu ne kacal a ciki ake ce wa kangaru na sosai. Sauran akwai mai kwana a kan bishiya, akwai wanda duk rayuwarsa a cikin duwatsu yake yinta, akwai wanda bai fi zomo girma ba. Dukkansu asalinsu Ostiraliya ne da tsibirin Niyu Gini da ƙananan tsibiran da ke kewaye da su, babu wani wuri a duniya da suke na asali bayan nan.

Abin da nake so ka fara riƙewa kafin komai shi ne, sunayen nan uku da aka saba ji, kangaru da walaru da walabi, ba su nuna waye ɗan uwan wa. Girma kawai suke nunawa. Manya ana ce musu kangaru, matsakaita masu kauri walaru, wanda kuma bai wuce kamar kilo 20 ba a ce masa walabi. Shi ya sa za ka ga jan kangaru ya fi kusanci da walaru a jini fiye da yadda yake da kangaru mai ruwan toka, duk da cewa su biyun ne ake kira da suna ɗaya. In kana son ka raba su yadda ya kamata sai ka ajiye sunan gefe ka duba jikin dabbar da kanta, kuma akwai tsarin da ya fi sauƙi: ƙafa da haƙori tukuna, sannan inda dabbar take tsaye, sannan wutsiya, sannan hanci da fuska.

Ka fara da tabbatar da cewa 'yar dangin ce ma

Ba duk abin da ke tsalle da ƙafa biyu ba ne ɗan wannan dangi. A Arewacin Amurka akwai wani ɓera mai dogayen ƙafafun baya da ake jingina sunansa da kangaru, amma ɓera ne zalla, ba shi da jaka, ba abin da ya haɗa su sai salon tafiya. Don haka ka duba ƙafar baya da kyau. A wajen ɗan dangin kangaru na gaskiya ƙafar doguwa ce siririya, babban yatsa na farko babu shi sam, yatsa na biyu da na uku ƙanana ne kuma fata ɗaya ta haɗe su, sai a ƙarshe ne za ka ga farata biyu sun leƙo kamar yatsa ɗaya mai ƙumba biyu. Da waɗannan faratan yake susa yana taje gashinsa yana cire ƙwari. Yatsa na huɗu shi ne ƙato, shi ke ɗaukar nauyin jiki lokacin tsalle kuma shi ne makamin da maza ke shurin juna da shi, na biyar kuma matsakaici ne a gefe. In hoton da ke gabanka ya nuna tafin ƙafa, ko sawu ne a ƙasa, to ka samu rabin amsa.

Sai haƙori. A muƙamuƙin ƙasa haƙoran gaba biyu ne kawai, manya, sun miƙe gaba a kwance, a sama kuma guda shida ne. Wannan haƙora biyun na ƙasa su ne alamar babban rukunin da ake kira Diprotodontia, wanda ya haɗa da kowala da wombat da fosom na Ostiraliya. To tunda kowala ma yana da irin haƙoran da haɗaɗɗun yatsun nan, me zai raba su? Doguwar ƙafar baya da rashin babban yatsa, da kuma jakar da bakinta ke kallon sama wajen ƙirji. Ta wombat baya take kallo, saboda shi mai haƙa rami ne kada ƙasa ta cika wa ɗansa ɗaki.

Akwai maƙwabta biyu da suke ruɗa mutane sosai, don da su da Macropodidae duk ƙarƙashin inuwa ɗaya suke, wadda ake kira Macropodiformes. Na farko dangin Potoroidae, su ne betong da potoru, ƙananan dabbobi ne na kilo ɗaya zuwa uku haka, suna tono ƙasa suna cin wani irin naman kaza da ke girma a ƙarƙashinta, kuma betong yana iya nannaɗe ciyawa da wutsiyarsa ya ɗauka ya kai inda zai yi sheƙa. In ka ga ƙaramar dabba mai tsalle ɗauke da dami a wutsiya, to ba walabi ba ce. Na biyu dangin Hypsiprymnodontidae, wanda nau'i ɗaya tak ya rage a cikinsa, wata 'yar dabba mai kamar rabin kilo a kurmin arewacin Queensland. Ita har yanzu tana da yatsu biyar a ƙafar baya, wutsiyarta ba gashi, ba ta tsalle da ƙafa biyu sai dai ta yi sukuwa da huɗu, kuma yawanci tagwaye take haifa, alhali su kangaru ɗaya suke haifa. Masana suna kallonta a matsayin mafi kama da kakannin dangin gaba ɗaya.

Inda take tsaye

In ka tabbatar 'yar dangi ce, kafin ka shiga ƙirga zanen fuska ka dubi wurin da aka ɗauki hoton, don wuri kaɗai yana cire maka fiye da rabin waɗanda ba su ba ne.

In a kan bishiya take, to gidan Dendrolagus ne (gida a nan shi ne ƙaramin rukuni na nau'o'i masu kusanci a cikin dangin), kangarun bishiya. Waɗannan suna burge ni matuƙa domin kakanninsu a ƙasa suke tsalle sannan daga baya suka koma sama, kuma jikinsu ya nuna hakan ƙarara: hannayensu sun yi ƙarfi sun kusa kai tsawon ƙafafun baya, tafin ƙafar ya gajarce ya yi faɗi, farata sun lanƙwashe, kunnuwa gajeru, wutsiya doguwa tana reto ƙasa don daidaita jiki amma ba ta kama reshe. Suna iya taka ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya, abin da manyan kangaru ba sa yi a kan ƙasa. Yawancinsu a Niyu Gini suke, biyu ne kawai a Ostiraliya, na Lumholtz da na Bennett, duka a arewacin Queensland. Kuma har kwanan nan ana gano su fa, akwai wani baƙi da fari da ake kira dingiso a tsaunukan ɓangaren Indunisiya na Niyu Gini wanda sai a 1995 aka rubuta bayaninsa a kimiyyance, shi ma ya fi zama a ƙasa duk da gidansu na masu hawa ne. Akwai na tsaunin Wondiwoi da aka samu guda ɗaya a 1928, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a 2018 da aka ɗauko hotonsa.

In kuma a kan duwatsu take, a bakin kogo ko gefen tsauni mai gangara, ƙarama ce, to ka yi tunanin gidan Petrogale, walabin dutse. Binciken jini ya nuna su ne mafi kusa da kangarun bishiya, kuma in ka lura hawa ne ya haɗa su. Tafin ƙafarsu yana da kauri da kaushi kamar tayar mota, farcen yatsa na huɗu gajere ne don kada ya hana tafin kama dutse. Wutsiyarsu ita ce babbar alama, kaurinta kusan ɗaya ne daga tushe har ƙarshe, da gashi buzu-buzu a ƙarshen, ba ta da wannan kaurin gindi na kangaru don ba zama suke yi a kanta ba, a sama suke riƙe ta lokacin da suke tsallake rami. Wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne mai rawayar ƙafa na tsaunukan Flinders a Kudancin Ostiraliya, wutsiyarsa zobe-zobe ce ruwan ƙasa da rawaya. Mafi ƙanƙanta shi ne monjon na yankin Kimberley, kilo ɗaya da ɗan wani abu. Amma gaskiya a wannan gidan akwai inda ido ba zai kai ka ba, a gabashin Queensland akwai nau'o'i da yawa jere da juna da suka yi kama sosai har masana ma sai sun duba kuromosom ɗinsu, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, suke raba su, don haka in ba ka san takamaiman wurin da aka ɗauki hoton ba ka tsaya a kan sunan gidan kawai, ya ishe ka.

In cikin kurmi ne mai duhu ko bakinsa, dabbar gajeriya ce a dunƙule, wutsiyarta gajeriya mai kauri ba gashi sosai, to padimelon ce, gidan Thylogale. Ana samunsu a gabashin Ostiraliya da Tasmaniya da Niyu Gini, da rana suna cikin kurmi da dare su fito bakin fili su ci ciyawa, in sun ji motsi su buga ƙafa a ƙasa su gargaɗi sauran. A kurmin Niyu Gini kuma akwai gidaje biyu da ba a cika jin labarinsu ba, Dorcopsis da Dorcopsulus, waɗanda suke lanƙwasa wutsiya ta yadda ƙarshenta kawai ke taɓa ƙasa.

Kwoka, gidan Setonix, shi kaɗai ne a gidansu. Kilo biyu da rabi zuwa biyar, kunnuwa gajeru zagayayyu, wutsiya gajeriya kusan ba gashi, yawancinsu a tsibirin Rottnest kusa da birnin Perth. Shi ne wanda hotunansa suka cika intanet ana cewa yana murmushi. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Willem de Vlamingh, da ya sauka tsibirin a 1696 ya ɗauka manyan ɓeraye ne, kuma ba laifinsa ba ne, wutsiyar ce ke ruɗi, amma da ya duba ƙafar baya da ya gane.

Manyan na fili, inda aka fi yin kuskure

Yauwa, nan ne ya kamata mu daɗe, don su ne aka fi gani kuma su ne aka fi cakuɗawa. A da duk manyan kangaru da walaru da walabin daji ana zuba su gida ɗaya ne mai suna Macropus. Wajajen 2015 masana suka ba da shawarar a raba gidan uku, binciken ƙwayoyin halitta da ya biyo baya a 2019 ya ƙarfafa hakan, yanzu kuma haka ake rubutawa. Macropus ya rage da nau'i biyu kawai, kangaru mai ruwan toka na gabas da na yamma. Osphranter ya ɗauki huɗu: jan kangaru, da walaru na gama-gari, da baƙin walaru, da kangarun arewa da ake kira antilopinus. Notamacropus kuma ya kwashi walabin daji. Saboda haka in ka ga wani littafi ya rubuta Macropus rufus wani kuma ya rubuta Osphranter rufus, kada ka ɗauka dabbobi biyu ne, jan kangaru ne duka, ɗaya littafin tsoho ne kawai.

Hanyar da ta fi aiki wajen raba manyan nan ita ce hanci. Ka kawo hoton kusa ka duba fatar da ke tsakanin ƙofofin hanci da leɓen sama. In gashi ya rufe wurin gaba ɗaya, siraran gashi har tsakanin ƙofofin, to mai ruwan toka ne. In wurin fili ne baƙi ƙirin ba gashi, babba, to walaru ne. Jan kangaru yana tsakiya, wani ɓangare a buɗe wani da gashi. Wannan alamar ta fi launi amfani nesa ba kusa ba, domin launi yana yaudara: macen jan kangaru yawanci ba ja ba ce, toka-toka ce mai ɗan shuɗi, a wasu yankunan kuma matan ma ja ne, ana kuma samun namiji mai ruwan toka. Wanda ya dogara da launi zai kira macen jan kangaru mai ruwan toka ya wuce abinsa.

Bayan hanci ka duba gefen baki. Jan kangaru yana da ɗigo-ɗigon baƙi da fari a gefen hanci, da farin layi mai faɗi da ya tashi daga kusurwar baki ya nufi kunne. Mai ruwan toka ba shi da wannan. Sai ƙarshen wutsiya: na mai ruwan toka baƙi ne, na jan kangaru fari-fari ne. In ka haɗa ukun nan, hanci da layin fuska da ƙarshen wutsiya, da wuya ka ɓata. Jan kangaru shi ne mafi girma a duk dabbobi masu jaka da ke raye, ƙaton namiji yana kai kilo 90, mace kuma sau da yawa ba ta kai rabinsa ba, kuma mazauninsa busasshen tsakiyar Ostiraliya ne inda ruwan sama ke ƙaranci.

Raba na gabas da na yamma shi ne mai ɗan wuya. Na gabas ya fi haske, toka ce sosai, fuskarsa ma da haske, ana samunsa daga Queensland har Biktoriya da Tasmaniya. Na yamma ya fi duhu, ya karkata zuwa ruwan ƙasa, fuskarsa baƙi-baƙi, yana kudancin ƙasar daga yamma har ya shigo yammacin New South Wales, kuma mazansa suna da wani wari mai ƙarfi da waɗanda ke zaune kusa da su suka sani. A yankin kogunan Murray da Darling dukansu biyu suna kiwo wuri ɗaya, amma kowa da nasa, ba kasafai suke haɗuwa su haihu ba.

Walaru kuma tsayuwarsa ma daban ce. Gajere ne kakkaura, gashinsa a hargitse, in ya tsaya sai ya ja kafaɗu baya ya manne gwiwar hannu a jiki ya ɗaga wuyan hannu, kuma tudu da duwatsu yake so, yana fakewa a kogo lokacin zafi, yawanci shi kaɗai. Baƙin walaru ƙarami ne a cikinsu, a duwatsun Arnhem Land kawai yake. Shi kuma antilopinus na arewa mai damina da rani, siriri ne dogo, yana yawo a garke, a nan ma za ka ga yadda suna ke rikici don wasu littattafan kangaru suke ce masa wasu walaru.

Walabin daji na gidan Notamacropus su ne in ka gan su za ka ce kangaru ne aka rage masa girma. A nan zanen jiki ne ke taimako. Mai jan wuya yana da ja a kafaɗa da ƙeya, hannu da ƙafa baƙi, kuma shi ne aka fi kaiwa gidajen zu na duniya don yana jure sanyi, har akwai waɗanda suka tsere ko aka sake su suka zama na daji a Niyu Zilan da tsibirin Man da wani daji kusa da Faris. Agilis na arewa ruwan yashi ne da farin layi a cinya. Parryi yana da farin layi mai kyau a kumatu da wutsiya doguwa siririya sosai. Dorsalis baƙin layi ne ya bi tsakiyar bayansa. Tammar ƙarami ne, kuma an san shi da iya shan ruwan teku ya rayu a tsibiran da ba ruwan daɗi.

Sai walabin fadama, wanda yake shi kaɗai a gidan Wallabia. Baƙi-baƙi ne da ɗan ja a ciki, in yana gudu yana sunkuyar da kai ƙasa ya miƙe wutsiya, ganye ya fi ci ba ciyawa ba. Dalilin ware shi yana cikin jikinsa: namiji kuromosom 11 gare shi mace 10, alhali walabin daji 16 ne da su. Macen kuma tana ɗaukar sabon ciki tun kwana ɗaya ko biyu kafin ta haife na farko. Masana har yanzu suna tattauna inda ya dace a ajiye shi don binciken jini yana nuna yana kusa da su Notamacropus sosai, to in ka ga an matsar da shi nan gaba kada ka yi mamaki.

Ƙananan da ke ɓacewa

Akwai gidaje biyu da alamarsu a bayyane take amma samun ganinsu ne aiki. Onychogalea suna da wani ɗan ƙaho kamar farce a ƙarshen wutsiya a ɓoye cikin gashi, kuma in suna gudu suna juya hannaye a gefe. Uku ne a da, ɗaya ya ƙare wajajen shekarun 1950, na arewa yana nan da yawa, na ukun mai farin layi daga ƙeya zuwa hammata kamar linzami an ɗauka ya ƙare tun 1937 sai a 1973 aka sake ganinsa kusa da wani ƙaramin gari mai suna Dingo a Queensland. Lagorchestes kuma su ne masu kama da zomo a girma da yadda suke kwanciya cikin tushen ciyawa su fyalla da gudu in an matso. Ɗaya yana da jan zobe kewaye da ido, ɗaya kuma shi ne mala, wanda ke da babban matsayi a al'adar mutanen Anangu na yankin Uluru, kuma a babban yankin ƙasar yanzu sai cikin shinge yake rayuwa. Wasu biyu daban daga gidan sun riga sun ƙare.

Wannan ɓangaren yana taɓa ni gaskiya. Manyan kangaru miliyoyi ne, har hukuma na ba da lasisin rage su duk shekara, shi ya sa mutum zai ɗauka dangin lafiya lau suke. Amma ƙananan da matsakaitan su ne yanyawa da kyanwa da Turawa suka shigo da su suka fi ci, ga zomaye da tumaki sun cinye musu ciyawa, ga share daji don noma. Toolache, wani kyakkyawan walabin daji na kudu, na ƙarshe da aka sani ya mutu a tsare a 1939. Parma, wani ƙaramin walabin daji, shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo, an fitar da rai da shi sai a 1965 aka tarar da shi a tsibirin Kawau na Niyu Zilan inda aka kai su tun ƙarni na 19, bayan shekara biyu kuma aka gano ashe akwai sauransu a dazukan New South Wales. In mutum bai san sunan dabba ba, bai san ta bambanta da ta kusa da ita ba, ta yaya zai lura ran da ta ɓace? Amfanin wannan rabe-raben ke nan a wurina.

Akwai guda ɗaya da za ka ware shi daban da kowa. Duk gidajen da na ambata a sama suna cikin reshe ɗaya ne na dangin, Macropodinae. Amma Lagostrophus fasciatus, ɗan ƙarami mai baƙaƙen layuka a kwance a gadon baya, shi kaɗai ne ya rage a nasa reshen, Lagostrophinae. Kamanninsa na su mala ne amma ba gidansu ɗaya ba, kuma a daji na asali sai a tsibirai biyu, Bernier da Dorre, a gaɓar Yammacin Ostiraliya, ko da yake an kai wasu wuraren da aka killace. Reshe na uku, Sthenurinae, ya ƙare gaba ɗaya dubban shekaru da suka wuce, su ne masu gajeriyar fuska da yatsa ɗaya babba a ƙafa, cikinsu har da Procoptodon goliah da ya kai kusan mita biyu a tsaye kuma ya haura kilo 200.

In ƙoƙon kai ne a gabanka ko bidiyo

Wani lokacin ba hoton dabba mai rai za ka samu ba, ƙashin kai ne a gidan tarihi ko a littafi. Ka duba turamen haƙora. Masu cin ciyawa irin manyan kangaru jerin turamensu a lanƙwashe yake, na gaba ne ke aiki, in ya cinye saboda kaushin ciyawa sai ya faɗi na bayansa ya matso gaba ya maye gurbinsa, irin yadda na giwa ke yi. Huɗu ne a kowane gefe, in sun ƙare shikenan, tsohon kangaru yana iya mutuwa da yunwa ga ciyawa a gabansa. Da wannan matsowar ake ƙiyasta shekarun dabbar. Masu cin ganye irin walabin fadama da kangarun bishiya jerin nasu a miƙe yake, kuma akwai wani dogon haƙori mai kaifi a gaban turamen da ba ya faɗuwa, da shi suke yanka ganye. Nabarlek, wani ɗan walabin dutse na arewa, shi kaɗai ne turamensa ba sa ƙarewa, sabo na ta fitowa daga baya muddin yana raye.

A bidiyo kuma ka lura da tafiyar hankali. Babban kangaru in yana kiwo yana dafa hannaye biyu a ƙasa ya tokare da wutsiya sannan ya jawo ƙafafun baya gaba tare, wutsiyar tana aikin ƙafa ta biyar sosai, tana tura jiki. Ƙananan irin kwoka da walabin dutse ba sa dogara da ita haka. In ya tashi gudu kuma agarar ƙafarsa ce ke miƙewa ta tara ƙarfi ta sake shi a tsalle na gaba, shi ya sa yake iya tafiyar kilomita 20 zuwa 25 a awa na dogon lokaci ba tare da ya galabaita ba, in an matsa masa ya ninka haka fiye da sau biyu a ɗan gajeren zango.

Kada ka yi ƙoƙarin gane nau'i daga ɗan da ke cikin jaka, a farko duk kamarsu ɗaya. Jaririn jan kangaru ana haifarsa bayan kwana 33 kacal, bai kai giram ɗaya ba, ba gashi ba ido, da hannayensa yake jan jiki cikin gashin uwar har ya shiga jaka ya kama nono ɗaya cikin huɗu, ya yi kamar wata takwas kafin ya bar jakar gaba ɗaya. Uwar tana iya ba shi madara iri ɗaya ta ba yayansa da ke waje wata iri daban a lokaci guda, ga kuma wani cikin da ta dakatar yana jira sai jaka ta zama fili. Wannan dakatar da cikin kusan duk dangin suna yi, amma mai ruwan toka na yamma ba ya yi, kuma yana cikin abubuwan da suka raba shi da na gabas. Uwar za ka duba, hancinta da wutsiyarta da wurin da take, sannan in za ka rubuta sunan ka haɗa da na kimiyya mai kalma biyu, ta farko gidan ta biyu nau'in, ka kuma duba shekarar da aka buga littafin da ka ɗauko shi don ka san ko kafin rabon Macropus ne ko bayansa.